Ƙarfen Eriya a Gidan Baba Reluwe

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san ɓarnar da harshe ya yi ko bayan mai harshen ya manta.

Ranar wata Juma'a 'yata da ke koyarwa a Damba ta zo gaishe ni. Muna zaune a inuwar tsakar gida sai ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, shirin nan na 'yan sama da kake yawan ba mu labari, ba shi ne wannan ba?" Na kai wayar kusa da ido. Su ne kuwa, da jirginsu da rigunansu masu kama jiki, ba abin da ya tsufa a tare da su, ni kaɗai na tsufa. A ƙarƙashin hoton akwai rubutu jere ba iyaka. Ta ce mutane ne daga ƙasashe daban-daban, kowa yana faɗin kashin da ya fi so a cikin shirin. Ta riƙa karantawa tana mayar mini da Hausa. Wannan ya ce kaza ya fi, wancan ya ce masa bai san abin da yake faɗa ba, wani ya zo ya haɗa su duka ya zage. Na tambaye ta, wanda aka kayar a cikinsu me ake yi masa? Ta yi dariya ta ce ba a yi masa komai, kowa ya rubuta nasa ya kama gabansa. Na mayar mata da wayar, na ce ta kunna mini duk wanda ta ga dama, amma akwai kashi ɗaya da ba na so a buɗe a gabana. Ba ta nemi jin dalili ba, tarbiyyar uwarta ce. Dalilin nake so in rubuta, domin a zamaninmu wanda aka kayar a gardama akwai abin da ake yi masa, kuma ni ne na kawo dokar.

Na baro Bungudu na taho Gusau ina saurayi, da 'yar takardar firamare a aljihu, na sami aikin ɗinke bakin buhu a gidan gurzar auduga. Gusau ta wancan lokaci da kunne ake saninta. Jiniyar ma'aikata ce ke tashe ka, usur ɗin jirgin ƙasa ya gaya maka hantsi ya yi, da la'asar kuma sai amon turmi daga kowane lungu, da kukan jakunan da suka kawo gyaɗa suna komawa ƙauye wayam. Mutum yakan hau mota bayan magariba ya nufi Tsafe ko Mada, ba wanda zai riƙe masa riga. Yanzu ba abin da nake ji sai babura da janareto, in kuwa wata ƙara mai ƙarfi ta taso daga wajen gari sai hira ta tsaya, kowa ya dubi ɗan'uwansa, ba mai son ya fara faɗin abin da yake zato. Ranar da zan bar gida Inna ta raka ni har bakin hanya. Ba ta yi mini gargaɗi kan mata ko caca ba, ta san ba nan cutata take ba. Cewa ta yi, "Kai dai ka riƙa bari mutum shi kai ƙarshen maganatai." Na ce to, kafin ta rufe baki.

A duk layin da nake haya gida ɗaya ke da talabijin, gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa da muke kira Baba Reluwe. Kirista ne daga wajen Jos, dogo, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Matarsa kowa Mama yake ce mata. Akwatin nasu baƙi-da-fari ne, yana da ƙofofin katako kamar kabad, Mama kan lulluɓe shi da farin kyalle mai aiki a baki. Sau ɗaya a mako ake nuna shirin 'yan sama, tsakanin magariba da lisha. Da an yi sallama a masallacin layi sai ka ga samari suna neman takalma da gaggawa, wasu addu'ar ma a hanya suke ƙarasa ta, ina cikinsu, Allah ya yafe mana. Kafin mu iso Mama ta shimfiɗa tabarmi a falo, ta tura kujeru jikin bango, ta ajiye randar ruwa da moɗa a bakin ƙofa. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Abin da kawai ta hana shi ne tofar da goro da taka mata kyanwa.

Da Turanci ake shirin, mu kuwa yawancinmu ba ma ji, don haka muka raɗa wa mutanen ciki sunayenmu. Shugaban jirgin shi ne Direba. Wani gajere mai yawo da akwatin kayan gyara shi ne Makanike. Wata mace da ba a yanke shawara sai an ji ta bakinta ita ce Uwar Ɗaki. Ni ne tafinta, da ɗan Turancin da na tsinto a firamare. Abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in cike da nawa, ba kuma tare da na nuna inda ɗinkin yake ba. Daga nan aka fara kirana Lauya, ni kuma sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Tashar da ke watso shirin tana da nisa ƙwarai, hoto ba ya zuwa sai an lallashe shi. Baba ya kafa eriya a kan wani dogon bututun ƙarfe a bayan ɗaki, ya zura gindinsa cikin wani bututun da ya fi shi faɗi wanda aka binne da siminti, don a riƙa juya shi ana neman hoto. Da rani sai a cusa guntun katako a tsakani ya tsaya cak. Da damina kuwa ba katakon da ke riƙe shi, iska na bugun eriyar sai ta juya, mutanen jirgi su narke su koma tsaki, sai ƙara kamar ana suya. Dole mutum ya fita ya rungumi ƙarfen da hannu biyu har a gama. Akwai taga kusa da wurin, amma bayan akwatin take kallo. Mai riƙo yana jin sauti, yana ganin fuskokinmu cikin hasken allo, hoton ne kawai ba ya gani. Mu kuma daga ciki mu riƙa ba shi umarni: "Dama kaɗan. Ka wuce. Dawo. Yawwa, tsaya nan, ko numfashi kada ka yi." Da farko karɓa-karɓa muke yi, kowa da makonsa, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Daɗin shirin rabi ne a falo, rabi a kan dakalin ƙofar gida bayan mun yi lisha. A nan ake baje gardama. Abin da aka nuna ya wuce ke nan, ba mai maimaita maka, don haka kowa a kansa yake ajiye kashin da ya fi so, yana goge shi yana ƙara masa gishiri. Wani tela a cikinmu ba abin da ya kai masa kashin da suka sauka a duniyar da rana ba ta faɗuwa, mutanenta suna hawa dutse su shiga kogo don su ɗanɗani duhu. Wani mahauci kullum sai ya tare shi da cewa, to su waɗannan yaushe suke buɗa-baki? Shi mahaucin nasa shi ne wanda ruwan jirgi ya ƙare, Uwar Ɗaki ta riƙa raba shi da murfin kwalba, aka kama babban jami'i yana sata. Ya ce a nan ne kaɗai Turawa suka faɗi gaskiya game da manya. Baba Reluwe, in an matsa masa, yakan ce wanda ya fi so shi ne wanda ba a yi faɗa ba ko kaɗan, injin ya lalace, aka wuni ana gyara. Mu yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Ni ba ni da kashin da na fi so. Gaskiyar ke nan. Nakan jira in ji inda mutum ya tsaya, sai in tsaya a ɗaya gefen.

Wata rana makon riƙona ya zagayo, ga shi an nuna alamar kashi mai zafi ne ke tafe. Sai na kawo shawara a dakali, na ce wannan karɓa-karɓa ba ta da armashi, a mayar da shi wanda duk aka kayar a gardamar mako shi ke riƙe eriya mako mai zuwa. Samari suka ɗauka wasa ne mai daɗi, suka amince. Baba ya ce shi ba alƙali ba ne, amma ya yarda ya riƙa faɗin wanda jama'a suka fi mara wa baya. Tun daga ranar tafin hannuna bai sake taɓa ƙarfen nan ba. Ba don na fi kowa gaskiya ba. Hanyoyina uku ne ko huɗu, duk marasa kyau: in katse mutum, in kwaikwayi muryarsa a yi dariya, in ya matsa kuma in ce, "Ai da Turanci Direba ya faɗa, kai ka ji?" Har gobe ina fama da wannan hali. Ko a zaman makoki nakan tsinci kaina ina gyara wa mutum labarin mamacinsa.

Wanda dokar ta fi faɗa wa shi ne abokina, wanda muke kira Na-Tsafe. Sa'ana ne. Kowane mako yakan biyo motar kaya da hatsin mahaifinsa ko tattasai, ya sayar a kasuwa, ya kwana a ɗakina, da safe ya koma. Ya daidaita zuwansa da ranar shirin. Ba ya zuwa hannu sake, mahaifiyarsa takan ba shi fura ko ɗan zuma ta ce a kai wa mai masauki. Yana da i'ina, magana takan tsaya masa a maƙogwaro sai ya runtse ido ya turo ta. Amma duk cikinmu ba wanda ya kai shi kallo. Shi ne zai lura Makanike ya ɗaure hannu da tsumma tun makon jiya, shi ne zai ce Uwar Ɗaki ba ta yarda da wancan baƙon ba, dubi inda ta ajiye ƙafarta. Sai dai kafin ya fito da hujjarsa na riga na yi masa kaca-kaca. Mafi yawan daminar nan a bayan ɗaki ya yi ta, da buhu a ka. In mun koma ɗaki sai ya ce in ba shi labarin abin da aka nuna, in ba shi ina hamma.

Sai aka yi wani mako da iska ta kwanta, katako ya riƙe, Na-Tsafe ya samu ya zauna a tabarma. A ranar aka nuna kashin da nake magana a kai. Jirgi ya sauka a wata duniya mai duwatsu, wata ƙafarsa ta maƙale. Makanike ya fita shi kaɗai ya kwance ta. Yana cikin aiki ƙasa ta fara tsagewa, wuta na fitowa. Ya kwance ƙafar, ya juyo da gudu, ramin ya raba shi da ƙofa. Direba ya dube shi ta gilashi, ya dubi mutanen da ke bayansa, ya ja ƙarfen tashi. Aka nuna Makanike yana ƙanƙancewa a ƙasa, hannunsa ɗaya a sama, akwatin gyaransa a ɗaya. Sai rubutu ya fito, na fassara, wannan karon da gaskiya: za a ci gaba mako mai zuwa.

Ba mu taɓa yin gardama irin ta wannan rana ba. Na-Tsafe, wanda yakan jira a tambaye shi, shi ya fara.

"Ba a barin mutum," in ji shi. "Shi ya hid da su. Sai ya koma."

Na ce, "Shi koma ina? Cikin wuta? Mutum guda da jirgi cike da jama'a, Na-Tsahe, ko a kasuwa ka san wanda ya hi nauyi."

"Ka duba hannun Direba sa'ad da ya..." Maganar ta tsaya masa. Ya runtse ido.

Na runtse nawa idon ni ma, na karkace baki yadda yake yi. Dakali ya ɗauki dariya.

Tela ya ce, "Lauya, bari shi ƙarasa mana."

"In munka jira shi ƙarasa, sai an kira asuba. Ni na ji abin da Direba ya ce da Turanci. Ya ce Allah shi jiƙan Makanike."

Direba bai faɗi haka ba. Ban ma ji abin da ya faɗa ba. Amma dariya ta riga ta tafi da jama'a, Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to, ga alama Lauya aka bi.

Da muka koma ɗaki Na-Tsafe bai kwanta ba. Ya zauna a bakin tabarma ya gaya mini abin da bai faɗa a dakali ba. Mahaifinsa ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙugu, masu ɗori sun ce ba zai sake riƙe fartanya ba. Gona da dabbobi da ƙanne duk sun dawo kansa. Kawunsa ne zai riƙa kawo kaya Gusau daga yanzu. Da ƙyar ya roƙi mako ɗaya, don ya karɓo sauran ciniki ya yi sallama da mutane.

"Wanga mai zuwa shi ne na ƙarshe gare ni," in ji shi. "Ka riƙe mini, Lauya. Sau guda. In gani da idona ko ya koma."

Na yi masa jaje, na yi wa mahaifinsa addu'a, har da dogon Larabci. Sannan na ce doka doka ce, in aka karya wa mutum ɗaya gobe kowa zai kawo uzuri. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wataƙila iska ba za ta taso ba. Na juya na yi barci, barci mai daɗi kuwa.

Ranar ta zo da zafi tun safe, irin zafin da ke manna riga a baya. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Muna sallar magariba iska ta fara wasa da tabarmin masallaci, liman ya gajarta sura. Da muka isa gidan, Baba ba ya nan, jirgi ya makara an riƙe shi a tasha. Mama na tsaye a ƙofa tana kallon sama, ba ta shimfiɗa komai ba.

"Yarana, yau a haƙura," in ji ta. "Hadarin nan ba na wasa ba ne."

Ni na lallashe ta. Na ce hadarin Mada ya nufa, dubi yadda yake karkata. Na ce yau ne ƙarshen labarin Makanike, ga baƙo ya taso tun daga Tsafe. Da sunansa na roƙe ta, wannan ma ina neman gafara a kansa. Ta ce to, amma tsawa ɗaya in ta ji za ta kashe. Aka buɗe ƙofofin akwati. Mahauci ya fita ya cusa katako ya buga shi da dutse, hoto ya fito tas. Na-Tsafe ya zauna a gaba, gwiwoyinsa a ƙirji. Aka fara kiɗan buɗewa. Kiɗan bai ƙare ba iska ta bugi kwanon rufi, muka ji katakon ya yi tsalle ya faɗi, allo ya cika da tsaki.

Kowa ya san makon wane ne. Tela ya motsa kamar zai tashi, ya dubi taga, walƙiya ta haska, ya koma ya zauna. Na-Tsafe ya waiwayo ya dube ni. Ni kuma na dubi allo na ce, "Ana cin lokaci." Ya tashi, ya ɗauki buhun da ke bayan ƙofa ya kifa a ka, ya fita.

"Hagu," na ce. "Ƙara. Ka wuce. Nan."

Hoto ya dawo, ya fi na kullum kyau. Aka nuna cikin jirgi, ba mai magana da Direba. An kawo masa abinci ya ture. Kujerar Makanike ba kowa, wani ya zo zai zauna Uwar Ɗaki ta harare shi ya fasa. A waje ruwa ya sauko gaba ɗaya, kwano ya ɗauki ƙara har sai da aka ƙure muryar akwatin. Tsawa ta farko ta yi gunji daga nesa. Mama ta miƙe.

"Mama, ta yi nisa, wannan ta Bungudu ce," na ce.

"Ku kira yaron nan ya shigo."

"Saura kaɗan."

Ta biyu ta fi kusa, gilashin kabad ya yi rawa, kyanwa ta shige ƙarƙashin kujera. Mahauci ya ce, "Lauya, ƙarhe fa yaka riƙe." Na ce masa in yana jin tausayi ga ƙofa nan. Bai tashi ba. Ba wanda ya tashi. Mama ta nufo akwatin, na matsa da tabarmata na tare hanya ba tare da na dube ta ba, kamar gyara zama nake yi. A gidanta, a gaban akwatin mijinta. Ta tsaya a kaina tana cewa, "Yesu, Yesu," a hankali.

Na saci kallon taga. Duk sanda walƙiya ta haska sai in gan shi, buhun ya faɗi, ruwa na bin fuskarsa, ya rungume ƙarfen da hannu da kafaɗa, iska na jan sa yana ja. Ba sama yake kallo ba. Fuskata yake kallo. Ya san ni ne tafinta, ya san duk abin da ya faru a allo a fuskata zai fara fitowa.

A allo Uwar Ɗaki ta zo ta tsaya a gaban Direba, ta ajiye masa wani abu a kan tebur, ɗan tsumman da Makanike ke ɗaure hannu da shi. Direba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa hannu ya kama ƙarfen tuƙi ya murɗa, taurarin da ke gaban gilashi suka fara zagayawa gefe guda. Ko wanda bai taɓa jin Turanci ba ya san abin da ake nufi. Tela ya saki ajiyar zuciya. Ni kuwa na daure fuska tamau, na hana ta motsi, don kada mutumin da ke tsaye cikin ruwa ya karanta a kaina cewa shi ke da gaskiya. Wannan shi ne abin da nake yi lokacin da aradu ta faɗi.

Ban ji ta kamar ƙara ba, kamar an mare ni da faranti a kunnuwa biyu na ji. Ɗakin ya yi fari, sannan ya yi baƙi. Wari ya tashi kamar an ƙona roba. Wani na salati, wani na tari. Muryar Mama ce ta fara fitowa sosai, tana cewa a ba ta hanya. Muka fita muna karo da juna. A bayan ɗaki itacen dogon yaro da ke jikin katanga ya tsage biyu, rabi ya kwanta a kan wayar lantarki yana hayaƙi cikin ruwa. Ƙarfen eriya na tsaye yana juyawa shi kaɗai. Ba kowa a gindinsa.

Na kira sunansa, sunansa na yanka, wanda ban taɓa kiransa da shi ba. Ruwa ya shanye muryar. Muka bazu muna lalube da ƙafa. Mahauci ne ya yi tuntuɓe da shi a bakin kwata, kwance rub da ciki, ruwa na bi ta gefen bakinsa. Muka ɗauke shi zuwa madafa, inda akwai sauran garwashi. Jikinsa ya saki, amma yatsunsa a lanƙwashe suke kamar har yanzu suna riƙe da abu. Mama ta kunna fitilar aci-bal-bal, ta kara kunne a ƙirjinsa. Ta daɗe a haka. Ina tsaye, ba abin da ke zuwa mini a rai sai furar da na sha da rana, wadda mahaifiyarsa ta dama da hannunta.

"Yana numfashi," in ji Mama.

Ta sa aka cire masa jiƙaƙƙiyar riga, ta lulluɓe shi da zanenta, ta riƙa murza masa hannu da man kaɗe tana addu'a irin tasu, mu muna yin irin tamu. Can ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya buɗe ido. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina. Bakinsa ya yi ta motsi. Wannan karon ba wanda ya katse shi.

"Ya koma?"

Duk suka juyo gare ni. Na ce, "Ya koma."

Ya karkato kai, ya nuna kunnensa na dama, ya girgiza. Kunnen bai sake ji ba har abada. Na zagaya ta hagu na durƙusa na sa baki na ce, "Ya juya jirgi. Ya koma. Kai ad da gaskiya." Ya tambaya ko an tarar da Makanike da rai. Na ce ba mu kai nan ba. Ya gyaɗa kai, ya rufe ido.

Baba ya dawo bayan ruwa ya tsagaita. Ya duba Na-Tsafe, ya duba akwatin da ya ƙone har katakon ya yi baƙi, Mama ta ja shi gefe ta yi masa magana. Na jira ya zage ni, na ma fara shirya amsa, don hali ba ya barin mutum ko a irin wannan wuri. Bai zage ni ba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗana, da ya mutu, wa zai je Tsafe ya gaya wa uban da ke kwance?" Tun kafin gari ya waye sosai muka ji shi a bayan ɗaki da guduma, yana fasa simintin. Bai sake sayen talabijin ba har aka yi masa canjin wurin aiki.

Na raka Na-Tsafe tasha da hantsi, ina ɗauke da ƙunshinsa don yatsunsa ba su gama miƙewa ba. Mun wuce ta ƙofar gidan, ya ga bututun kwance a jikin katanga, eriyar a karye. A tasha na yi ta neman yadda zan fara, duk maganar da na ɗauko sai in ji ta yi kama da gardama, in ajiye. Yaran mota suka tura shi ya hau kan buhuna. Direban motar ya tayar da inji. Sai Na-Tsafe ya sunkuyo, ya juyo mini da kunnen hagu ko da zan amsa, ya runtse ido ya turo maganar, na kuwa tsaya har ya kai ƙarshenta.

"Lauya, an kada ka. Mako mai zuwa kai ka riƙon ƙarhe."

Na ce to. Motar ta tashi.